An ce jadawalin haihuwata ba shi da ƙasa: yaya Sinawa ke gane ɗabi'ar da ta dace da mutum?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya a Guangzhou. Wani Basine da muke hulɗa da shi ya saka ranar haihuwata a wayarsa, ya ce a jadawalina babu ɗabi'ar ƙasa, don haka in riƙa sa kaya rawaya, in ajiye dutse a shago. Wani abokinsa ya duba ya ce a'a, ƙasar ma cutar da ni za ta yi. Ba aiki zan yi da abin ba, amma ina son in fahimci yadda suke gane abin da ya dace da mutum da wanda bai dace ba, da kuma abin da ya sa su biyun suka saɓa.

Amsa: Ɗan'uwa, daga yadda ka kawo maganar, na biyun ne ya yi magana irin ta wanda ya zauna gaban littattafan fannin. Na farkon ƙidaya kawai ya yi. Ya duba ɗabi'u biyar ɗinsu, wato itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, ya ga wadda ba ta fito ba, ya ce ita ake nema. Haka yawancin manhajojin waya ke yi, haka kuma talakawan Sin suka saba tun da daɗewa. A wajen masana kuwa, abin da babu daban, abin da ake bukata daban. Miyar kuka ba ta da sukari, ba kuma wanda ya taɓa cewa sukari ne ya rage mata. Wani jadawalin abin da ya rasa shi ne maganinsa, wani kuma rashin ne ya sa ya tsaya da ƙafarsa.

Kafin in shiga, ga inda na tsaya. Na karanci wannan fanni ne a matsayin wani ɓangare na tarihin tunanin Sinawa, tare da kalandarsu da likitancinsu na gargajiya, domin duk tushe ɗaya gare su. Ban yarda yana bayyana gaibu ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba, sananne ne gare ka da ni. Na ji daɗi da ka ce ba aiki za ka yi da shi ba, don haka ba sai ka turo mini ranar haihuwarka ba, zan yi bayanin da wani misali. Amma mai ciniki da Sinawa yana da kyau ya san abin da ke kansu idan suka kawo irin wannan magana, domin wasunsu har ranar buɗe shago da sunan yaro da wannan lissafi suke zaɓa.

Sunan abin ba zi, wato haruffa takwas. Ana ɗaukar shekarar haihuwa da wata da rana da sa'a, a mai da kowanne ginshiƙi mai haruffa biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashinsa. Na sama su ne kara, guda 10, biyu-biyu ga kowace ɗabi'a: Jia da Yi itace, Bing da Ding wuta, Wu da Ji ƙasa, Geng da Xin ƙarfe, Ren da Gui ruwa. A kowane biyu, na farkon yang ne, wato mai ƙarfi kamar namiji, na biyun yin, wato mai laushi kamar mace. Jia babbar bishiya ce, Yi kuwa ciyawa ko fure; Bing rana ce, Ding fitila. Na ƙarƙashi su ne rassa 12, waɗanda aka fi sani da sunayen dabbobi, daga ɓera har zuwa alade. Su ma kowanne da ɗabi'arsa, sai dai reshe ba abu guda ba ne kamar kara. A cikinsa akwai kara ɗaya ko biyu ko uku a ɓoye. Reshen damisa itace ne a fili, amma yana ɗauke da wuta da ƙasa a ciki. Reshen sa, wato bijimi, ƙasa ne, a cikinsa akwai ruwa da ƙarfe. Tun daga nan ƙidayar manhaja ta fara tangarɗa, don sau da yawa abin da ta ce babu yana nan kwance cikin wani reshe.

Kada ka haɗa wannan da ɗabi'u huɗu da masu hisabi ke ambata a nan gida, wuta da ƙasa da iska da ruwa. Waccan daga Girkawa ta taso, ta iso mana ta hannun Larabawa. Ta Sinawa ba ta da iska, tana da itace da ƙarfe, kuma duk aikinta a kan zagaye biyu yake. Na farko zagayen haihuwa: itace ya haifi wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta fitar da ƙarfe, ƙarfe ya haifi ruwa, ruwa ya raya itace. Na biyu zagayen danniya: itace na tsaga ƙasa, ƙasa na tare ruwa, ruwa na kashe wuta, wuta na narka ƙarfe, ƙarfe na sare itace. Don ka san yadda abin ya shiga jininsu, Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368, ya tsara sunayen zuriyarsa su bi zagayen farko. Harafin sunan ɗansa Zhu Di yana da alamar itace, na jikansa Zhu Gaochi wuta, sai Zhu Zhanji ƙasa, Zhu Qizhen ƙarfe, Zhu Jianshen ruwa, sannan aka sake komawa itace.

A cikin haruffan takwas, guda ɗaya ne mutumin da kansa: karan da ke saman ginshiƙin rana. Ri zhu suke ce masa, ni zan kira shi maigida. Sauran bakwai ɗin da shi ake auna su. Da can ba haka ake yi ba. A zamanin daular Tang, lokacin Li Xuzhong, masanin fannin da ya rasu a 813, da shekara ake jingina lissafin. Wanda ake danganta wa mai da rana ta zama cibiya shi ne Xu Ziping, wajen ƙarni na 10, shi ya sa har yau ake kiran fannin hanyar Ziping. Duk wanda ya ce maka kai shekarar zakara ce, don haka kai ƙarfe ne, bai fara karatun ba tukuna.

Da an san maigida, kowace ɗabi'a ta sami matsayinta. Ɗauki maigida itace. Ruwa shi ke raya shi, suna kiransa hatimi. Wani itacen ɗan'uwansa ne. Waɗannan biyun ƙara masa ƙarfi suke yi. Wuta abin da yake haifarwa ce, tana cin jikinsa. Ƙasa, wadda yake dannewa, ita ce dukiyarsa. Ƙarfe, mai danne shi, shi ne mahukunci, idan kuma jinsinsu ɗaya ne, yin da yin ko yang da yang, sai ya zama mahukunci mai tsanani da suke kira qi sha, makashi. Waɗannan ukun rage masa ƙarfi suke yi, har da dukiyar, domin riƙe ta ma aiki ne. Ka lura, babu ɗabi'ar da take mai kyau a kan kanta. Ƙasar da ta zama dukiya ga itace, ita ce mahukunci ga ruwa, ita ce hatimi ga ƙarfe.

To sai aikin gaske: maigidan nan mai ƙarfi ne ko mai rauni? Tambaya uku ake yi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, wadda ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, ita ce watan haihuwa. Reshen wata suna kiransa yue ling, umarnin wata. A bazararsu, daga farkon Fabrairu lokacin da itatuwa ke toho, itace ne ke mulki, wuta na biye masa, ruwa ya huta, ƙarfe a ɗaure, ƙasa kamar matacciya. A lokacin zafi, daga farkon Mayu, mulkin na wuta ne, ƙarfe ne a mace. A kaka, daga farkon Agusta, ƙarfe ya hau, itace ya faɗi. A hunturu, daga farkon Nuwamba, ruwa ke da iko, wuta ta yi sanyi. Ƙasa kuma tana da watan ƙarshe na kowane yanayi. Saboda haka itace ɗaya a watan Maris yana iya fin itace uku a watan Satumba ƙarfi, abin da ƙidaya ba za ta taɓa nuna maka ba.

Ta biyu ita ce saiwa. Shin maigida yana da irinsa a cikin rassa, a fili ko a ɓoye? Karan da ba shi da saiwa yana yawo ne a sama kawai, komai yawan 'yan'uwansa. Sai dai saiwar ma ana iya tumɓuke ta, domin rassa suna karo da juna biyu-biyu: ɓera da doki, sa da tunkiya, damisa da biri, zomo da zakara, dodo da kare, maciji da alade. Suna kuma haɗa kai uku-uku su zama ɗabi'a guda: biri da ɓera da dodo ruwa, alade da zomo da tunkiya itace, damisa da doki da kare wuta, maciji da zakara da sa ƙarfe. Idan haɗin ya cika, reshen da ka ƙidaya a matsayin ƙasa yana iya komawa aikin ruwa ko na itace.

Ta uku ita ce jama'a, wato yawan masu tallafa masa a sauran gurabe, da kusancinsu da shi. Wannan ita ce ƙidayar da abokinka na farko ya yi, kuma ita ce mafi sauƙin nauyi a cikin ukun.

Bayan an yanke hukunci, ƙa'idar da aka fi bi a yau gajeriya ce: mai rauni a tallafa masa, mai ƙarfi a rage masa. Amma ba a tsayawa nan, sai an duba me ya jawo raunin ko ƙarfin. Itacen da ƙarfe ya yi wa yawa, ruwa yake nema, domin ruwa zai sha ƙarfin ƙarfe ya miƙa wa itace. Itacen da ƙasa ta yi wa yawa, wato dukiyar da ta fi ƙarfin mai ita, 'yan'uwa yake nema su taya shi ɗauka. Wanda wuta ta cinye, ruwa ne zai raya shi ya kuma rage wutar. Itacen da ya yi ƙarfi saboda ruwa ya yi yawa, shi ne mai neman ƙasa ta tare ruwan. Wanda ya yi ƙarfi saboda itatuwa sun cunkushe, ƙarfe zai sassabe shi, ko wuta ta ba shi mafita. Ɗabi'ar da aka tsayar ita ce yong shen, mai amfani. Wadda ke raya ta ita ce xi shen, abar so. Wadda ke danne ta ita ce ji shen, abar ƙi. Wadda ke ciyar da abar ƙin ita ce chou shen, abokiyar gaba. Wadda ta rage xian shen ce, 'yar ba-ruwana, sai yanayi ya ja ta wani ɓangare.

Yanzu ga misalin. Ɗauki wanda aka haifa ranar 4 ga Oktoba, 1981, da ƙarfe goma na dare. Shekararsa Xin a kan zakara, watansa Ding a kan zakara, ranarsa Yi a kan zomo, sa'arsa Ding a kan alade. Idan ka ƙidaya, ƙarfe uku ne, Xin da zakara biyu. Wuta biyu, Ding da Ding. Itace biyu, Yi da zomo. Ruwa ɗaya, alade. Ƙasa babu ko ɗaya, kuma a wannan jadawalin ko a ɓoye babu, domin zakara Xin kawai ke cikinsa, zomo Yi kawai, alade Ren da Jia. Manhaja za ta ce ga matsalar nan, a kawo ƙasa.

Mu bi ta hanyar masana. Maigida Yi ne, itace mai laushi, an haife shi tsakiyar kaka, watan da ƙarfe ya fi kowane lokaci kaifi. Lokaci bai ba shi ba. Ƙarfen kuma Xin ne, yin kamarsa, wato makashi, ga shi a saman shekara, ga saiwoyinsa biyu a ƙarƙashi. Maigida yana da saiwa mai kyau, zomon da yake zaune a kai, amma zakaran wata na manne da shi, su kuwa zomo da zakara masu karo ne. Abin da ya cece shi biyu ne. Alade a sa'a ya riƙo zomo ta ɗaya gefen, domin su biyun suna cikin haɗin itace, ya kuma kawo ruwa da ƙarin itace. Sannan Ding na wata ya tsaya tsakanin Xin da maigida, wuta ke nan a gaban ƙarfe, ta hana shi isowa. Amma wutar nan ba ta da saiwa ko ɗaya a rassa, da itace kawai take rayuwa.

To ka zuba ƙasa a nan ka ga abin da zai faru. Wuta tana haifar da ƙasa, don haka ƙasar za ta shanye Ding, mai gadin da ba shi da ƙarfi tun asali. Ƙasa tana haifar da ƙarfe, don haka abin da ta shanye za ta miƙa wa makashi. Ƙasa tana tare ruwa, don haka ɗan ruwan alade ma zai tafi. Maigida kuma, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, zai shiga kokawa da dukiyar da ba zai iya riƙewa ba. Ɓarna huɗu ke nan daga abu ɗaya. A littattafansu wannan sanannen yanayi ne, suna cewa dukiya ta goya wa makashi baya. A wannan jadawalin ƙarfe ne abin ƙi, ƙasa abokiyar gaba, kuma rashinta shi ne sa'ar jadawalin. Ina zaton irin wannan ne abokin na biyu ya hango a naka.

Amma idan ka tambayi masana uku mene ne mai amfani a wannan jadawalin, za ka iya jin amsa uku, kuma a nan ne na fi son ka natsu. Mai bin ƙa'idar tallafi da ragi zai ce maigida mai rauni ne, makashi ya yi yawa, a nemi ruwa da itace. Mai bin littafin Zi Ping Zhen Quan, na Shen Xiaozhan na zamanin sarki Qianlong a ƙarni na 18, zai ce ba haka ake ɗauko yong shen ba. A wajensa daga umarnin wata kaɗai ake ɗauko shi, don haka yong shen na wannan jadawalin shi ne makashin da kansa, Xin, sai kuma a duba wa ke riƙe da linzaminsa, wato Ding. Kalma ɗaya, amma shi yana nufin ginshiƙin da tsarin jadawalin ya tsaya a kai, wancan kuma yana nufin maganin rauni. Rabin gardamar da za ka ji tsakanin masu wannan sana'a daga nan ta samo asali, kowa na amfani da kalmar da ma'anar makarantarsa.

Na ukun mai bin littafin Qiong Tong Bao Jian ne, wanda ya fi damuwa da zafi da sanyi, danshi da bushewa. Littafin ya bi kara goma ɗaya bayan ɗaya cikin watanni 12. Kan itacen Yi a watan zakara, ya kwatanta shi da bishiyar gui hua, mai ƙananan furanni masu ƙamshi da ke buɗewa a kaka. Ya ce kafin tsakiyar kaka, lokacin da furen bai buɗe ba, ruwan Gui yake so ya jiƙa shi. Bayan ranar da dare da rana suka daidaita, wajen 23 ga Satumba, fure ya buɗe, rana yake so, wato Bing, ruwa ya biyo baya. Mutuminmu na 4 ga Oktoba ne, don haka wannan makaranta wuta za ta sa a gaba. Ni a ganina wannan littafin ne ya fi kowanne nuna asalin fannin: manoma ne suka kalli gonakinsu shekara da shekaru, suka ɗora abin da suka gani a kan ɗan Adam. Ka ga amsa uku, ruwa da itace, Xin da Ding mai riƙe da linzaminsa, Bing, amma babu ko ɗaya da ya ce ƙasa.

Xu Lewu, wanda ya yi wa waɗannan littattafai sharhi a shekarun 1930, shi ya tattara hanyoyin ya mai da su biyar, kuma yawancin abin da ake koyarwa yau daga tsarinsa yake. Biyu ka riga ka gani, tallafi da ragi, da daidaita yanayi. Ta uku cuta da magani ce, wadda Zhang Nan na zamanin Ming ya yi fice da ita: a gano harafin da ke ɓata jadawalin, a nemi wanda zai kawar da shi, kuma a ra'ayinsa jadawalin da ke da cuta da maganinta ya fi wanda ba shi da komai daraja. Ta huɗu sulhu ce, idan ɗabi'u biyu masu gaba sun yi kunnen doki, a nemi ta tsakaninsu, kamar ruwa tsakanin ƙarfe da itace. Ta biyar ita ce mai juya komai. Idan ɗabi'a guda ta mamaye jadawali gaba ɗaya, ba a yaƙar ta, bin ta ake yi. Haka nan idan maigida ba shi da saiwa ko ɗaya, ba shi da mai taimako, sai su ce ya sallama ya bi mai rinjaye, abin da suke kira cong ke nan. A irin wannan jadawalin, ruwan da ka ɗauka taimako ne ga itace shi ne abin ƙi, ƙarfen da ke saransa shi ne abin so. Da a misalinmu babu zomo da alade da wutar nan, da wannan muhawarar za a shiga. Bambancin mai rauni ƙwarai da wanda ya sallama siriri ne, ɗan itace guda a ɓoye cikin reshe yana iya raba masana biyu, kuma amsoshinsu kishiyar juna ne kai tsaye.

Duk da haka al'adar cike gurbi tana da tsohon tarihi, kada ka ɗauka abokinka na farko ƙirƙira ya yi. A wani gajeren labari na marubucinsu Lu Xun na 1921 kan komawa garinsu, akwai yaro mai suna Runtu, wanda mahaifinsa ya raɗa masa sunan saboda an haife shi a watan ƙari na kalandarsu, kuma jadawalinsa ba shi da ƙasa, tu kuwa ƙasa ke nan. Har gobe ana sa wa yara haruffa masu alamar ruwa ko itace ko ƙarfe da wannan dalili. Launuka ma daga tsohon tsari suke: kore na itace da gabas, ja na wuta da kudu, rawaya na ƙasa da tsakiya, fari na ƙarfe da yamma, baƙi na ruwa da arewa. Daga nan rawayar da aka ce ka sa ta fito. Sai dai manyan littattafan Ziping ba maganar riga da dutse suka sa a gaba ba. Abin da suke neman mai amfani dominsa shi ne auna shekaru masu zuwa.

Ga yadda suke yi. Daga ginshiƙin wata ake fitar da jerin ginshiƙai, kowanne na shekara 10, "da yun" suke kiransu da Sinanci. Namijin da aka haifa a shekarar yang da macen shekarar yin suna tafiya gaba, sauran suna komawa baya. Ana ƙirga kwanaki daga haihuwa zuwa iyakar watan, kowane kwana uku shekara ɗaya, a san shekarun da za a fara. A misalinmu shekarar Xin yin ce. Idan namiji ne zai koma baya, kusan kwana 26 zuwa farkon watan, ya fara tsakanin shekara 8 da 9, ya bi ta Bing a kan biri, Yi a kan tunkiya, Jia a kan doki, wato yana nufar itace da wuta, abin da za su kira hanya mai kyau. Idan mace ce za ta yi gaba, ginshiƙinta na farko kuwa Wu ne a kan kare, ɗabi'ar ƙasa ce a sama, ita ce kuma a ƙarƙashi. Haruffa takwas iri ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa kuskure wajen tsayar da mai amfani yake kifar da duk karatun, shekarun da ya kamata a ce masu kyau ne sai a ce munana ne.

Ina so kuma ka san cewa Sinawa da kansu sun daɗe suna sukar wannan lissafi. Lü Cai, malamin fadar sarki Taizong na Tang a ƙarni na 7, wanda aka ɗora wa aikin tace littattafan duba, ya kawo hujjar yaƙin Changping na shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka binne sojojin masarautar Zhao da suka miƙa wuya. Ya ce ba zai yiwu a ce dukansu mugun jadawali ɗaya gare su ba. Lissafi ma yana goyon bayansa ta ɗaya gefen. Shekaru 60, watanni 12, ranaku 60, sa'o'i 12, idan ka ninka za ka sami jadawali 518,400 kacal. Ka raba mutanen Sin biliyan 1.4 da wannan, kowane jadawali zai faɗa kan mutum kusan 2,700. Ga kuma abin da ka gani da idonka, masana biyu a kan jadawali ɗaya, amsa biyu. Da yawa daga masu sana'ar suna tambayar mutum abubuwan da suka riga suka faru da shi, sannan su gyara mai amfanin ya dace da labarin. Wannan ya isa ya nuna maka cewa hanyar ba ta iya tsayawa ita kaɗai.

Akwai kuma wani abu da ya shafe ka musamman, tunda ba a Sin aka haife ka ba. Shekarar wannan lissafi ba ta farawa ranar 1 ga Janairu, ba kuma ranar bikin sabuwar shekararsu ba. Tana farawa ne da Lichun, wato farkon bazararsu, wajen 4 ga Fabrairu, watanni kuma suna bin tafiyar rana, kowanne yana shiga tsakanin 4 da 8 ga watan Turawa. Sa'arsu awa biyu ce, ta ɓera daga 11 na dare zuwa 1, kuma da yawansu da tsayuwar rana a wurin haihuwa suke aiki, ba da agogon gwamnati ba. Agogon Najeriya da Nijar an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi, don haka ranar Kano tana bayan agogo da kusan minti 26, ta Sakkwato da kusan minti 39. Wanda aka haifa a Kano da ƙarfe 9:15 na dare, a lissafin rana bai shiga sa'ar alade ba, yana ta kare, kare kuwa ƙasa ne, ga ƙasar da aka ce babu ta shigo. Idan kuma manhajar ta ɗauki lokacin a matsayin na Beijing, wanda ke gabanmu da awa bakwai, haihuwar da ta faɗo kusa da iyakar wata tana iya komawa wani watan dabam. Yawancinmu ma ba a rubuta mana sa'ar haihuwa ba, sai dai a ce bayan la'asar ko da asuba.

Mafi girma daga duk wannan shi ne yanayin kansa. Umarnin wata, wanda na ce maka shi ya fi komai nauyi, an gina shi ne a kan shekarar kwarin Rawayen Kogi, inda Disamba ke da ƙanƙara, Satumba ganye ke fara bushewa. A wajenmu Agusta da farkon Satumba tsakiyar damina ne, gero da dawa sun yi kore shar, a daidai lokacin da jadawalin ke cewa itace ya mutu. Disamba, watan da suka ba ruwa mulki, shi ne lokacin da hunturu ke tsage leɓe saboda bushewa. Afrilu, da suke lissafawa ƙarshen bazara mai danshi, shi ne tsananin zafinmu. Masu sana'ar sun daɗe suna gardama kan waɗanda aka haifa kudu da tsakiyar duniya, irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu, wasu na cewa a juya watannin, wasu na cewa a bar su yadda suke, kuma har yau ba su haɗu kan magana ɗaya ba. Wurare irin namu, masu damina da rani maimakon yanayi huɗu, tsofaffin littattafan ba su yi lissafi da su ba sam.